Shin da gaske haka fuskokin Rumawan da suke?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina yawan ganin hotunan mutum-mutumin Rumawan da, irin waɗanda aka sassaƙa kai da ƙirji kawai. Wasu tsofaffi tukuf, ga tamoji ga sanƙo, wasu kuma samari sumul kamar ba su taɓa yin zazzaɓi ba. Da gaske haka kamanninsu suke? Kuma me ya sa kusan dukkansu hancinsu a karye yake?"

Malam, akwai kama a ciki, amma ba irin kamar da kake tsammani ba. Na daɗe ina koyar da tarihin sassaƙa, kuma abin da nake fara cire wa ɗalibai daga kai shi ne ɗaukar waɗannan kawuna tamkar hoton fasfo. Duk kan da ka gani, wani ne ya biya kuɗin aikinsa: mai fuskar, ko 'ya'yansa, ko majalisar garinsu. Wanda ya biya kuwa shi ke faɗin abin da yake so jama'a su gani. Tamojin nan da kake gani zaɓar sa aka yi, kamar yadda aka zaɓi sumul ɗin.

Bari mu fara da tsofaffin. Yawancinsu na ƙarni na ƙarshe ne kafin Miladiyya, lokacin da Rum take jamhuriya, babu sarki, manyan gidaje ne ke rabon muƙamai ta hanyar zaɓe. A wancan tsarin tsufa jari ne. Muƙami mafi girma, na konsul, doka ba ta yarda mutum ya hau ba sai ya haura shekara 40, bayan ya bi ƙananan muƙamai ɗaya bayan ɗaya, ya kuma yi aikin soja. Sunan majalisarsu ma daga kalmar Latin mai nufin tsoho aka ciro shi, kuma daga nan ne kalmar "sanata" ta gangaro har ta iso bakinmu. Wanda ya fara cewa "majalisar dattawa" da Hausa ya dace da asalin ma'anar daidai. To, mutumin da ke neman a yarda ya ga jiya ya ga yau, me zai yi da fuskar saurayi? Sai ya ce wa masassaƙi kada ya rage komai. Akwai wani kai sananne da aka samo a garin Otricoli, yana cikin tarin kayan tarihi na gidan Torlonia a Rum. Kumatu sun zurma, fatar ƙasan ido ta zazzago, goshi ya tattare layi-layi kamar kunyoyin gona, baki a tsuke. Da ganinsa za ka ce wannan ba a yi masa kara ba. Amma in ka jera irinsa guda goma, sai ka lura duk tamojinsu wuri ɗaya yake bi, duk bakinsu a tsuke, babu mai murmushi ko ɗaya. Yayi ne. Masassaƙan, waɗanda akasarinsu Girkawa ne da ke aiki a Rum, sun san abin da mai kuɗi ke so, har ƙari suke yi masa.

Wannan son fuskar dattijo yana da tushe a cikin gidajensu. Polibiyus, wani Bagirke masanin tarihi da aka kai Rum a matsayin garkuwa a shekara ta 167 kafin Miladiyya, ya ga jana'izar manyansu da idonsa ya rubuta. Duk gidan da ya taɓa fitar da babban mai muƙami yana ajiye fuskarsa da aka yi da kakin zuma, a cikin ɗan akwatin katako, a babban zauren gidan inda baƙi ke zama. Ranar da wani babba ya mutu sai a buɗe akwatunan, a nemo mutanen da tsawonsu da tafiyarsu suka yi kama da na kakannin, a ɗaura musu fuskokin, a sa musu tufafin muƙamin da kowane kaka ya riƙe. Su hau keken doki su raka gawa har dandalin gari, su zauna a jere kan kujerun hauren giwa, ɗan mamacin ya miƙe ya yabi ubansa, sa'annan ya bi kakannin da ke zaune ɗaya-ɗaya yana ambaton aikin kowa. Ka duba fa: gidan da ya fito da fuskoki ashirin da gidan da ya fito da biyu, jama'a na tsaye suna ƙirgawa. Wanda ba shi da ko ɗaya, "sabon mutum" suke ce masa, wato ba ɗan gado ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan fuskokin kaki bai kai zamaninmu ba, amma akwai mutum-mutumin wani Barume a birnin Rum, sanye da mayafin toga, yana riƙe da kawunan kakanninsa biyu, ɗaya a kowane hannu, kamar mai nuna takardun gado. Abin dariyar shi ne kan da ke wuyansa yau ba nasa ba ne, na wani ne daban aka ɗora masa bayan ƙarnuka.

Wannan ɗore-ɗoren kai ba baƙon abu ba ne ko a zamaninsu. Sau da yawa jiki daban ake sassaƙawa, a bar rami a wuya, kai kuma daban. Akwai wanda ake kira Janar na Tivoli: kan dattijo mai tamoji a kan jikin ɗan dambe, ƙirji a buɗe, damtse a murɗe. Mu abin yana ba mu dariya. Su kuwa saƙo biyu suke karantawa, kai yana cewa hankali, jiki yana cewa jarumta irin ta gwarazan Girkawa. Babu Barumen da ya taɓa ɗauka haka cikin tsohon yake.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan zamani ba na manyan ba ne. Bayin da aka 'yanta, waɗanda suka yi arziki da sana'a, su ma sun ɗauki wannan salo. Ba su da kakan da za su nuna, doka ma ba ta san bawa da uba ba. Sai su sa a sassaƙa su a jikin kabarinsu a bakin hanya, miji da mata kafaɗa da kafaɗa kamar masu leƙe ta taga, shi da toga, fuska a murtuke irin ta sanata, wani lokaci hannunsa cikin nata, domin aure na doka abu ne da bawa ba ya samu sai ya 'yantu. Su ne za su zama kakannin farko na gidan.

Sai aka zo kan mutum ɗaya ya sauya komai. Yuliyus Kaisar ya sa fuskarsa a kuɗi a farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya, abin da babu rayayyen da ya taɓa yi a kuɗin da ake bugawa a birnin Rum, kuma a watan Maris na shekarar aka kashe shi. A kuɗin nan har yanzu tsohon salo ne: dogon wuya mai tamoji, zakaran wuya a fili, kumatu a faɗe. Magajinsa Agustus ya hau mulki da ƙuruciya, ba shi da furfurar da zai yi tinƙaho da ita, kuma bayan shekarun yaƙin basasa ba ya son a riƙa ganin sa kamar ɗaya daga cikin tsofaffin da suka jefa ƙasa a wuta. Sai ya juya ga salon Girkawa na ƙarni na biyar kafin Miladiyya, inda fuska ba ta da shekaru. Ka dubi shahararren mutum-mutuminsa da aka tono a shekarar 1863 a Prima Porta, a gidan gonar matarsa Liviya, wanda yanzu yake gidan tarihi na Vatikan. Ya ɗan haura mita biyu. Tsayuwarsa aro ce daga wani sanannen aikin masassaƙin Girka Polikleitos. A jikin sulkensa an zana yadda Fartiyawa, abokan gabar Rum na gabas, suka mayar da tutocin sojan Rum a shekara ta 20 kafin Miladiyya, tutocin da aka ƙwace a yaƙin Karhe shekara 33 kafin nan. Da sulhu aka karɓo su, amma a sulken sai ka rantse da takobi ne.

Agustus ya yi sama da shekara 40 yana mulki, ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75. Kawunansa fiye da 200 sun tsira, kuma babu tsoho a cikinsu. Suwetoniyus, wanda ya yi aikin magatakarda a fada kimanin shekara ɗari bayan haka, ya yarda cewa kyakkyawa ne, amma ya ƙara da cewa gajere ne, yana sa takalmi mai tudu don ya ƙara tsawo, haƙoransa ƙanana ne a wawware kuma ba su da kyau, girarsa a haɗe, wani lokaci yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Je ka nemo wannan a dutse. Duk wanda ya taɓa ganin fostar ɗan takara, sa'annan ya ga mutumin ido da ido ranar gangami, ya san abin da nake nufi.

To in fuskar ba ta tsufa, ta yaya muke gane shi? Ta gashin goshi. A fada ake amincewa da samfuri ɗaya, a kwafe shi a rarraba wa larduna, masassaƙan can su yi ta kwafa da awo. Wani gwani ne, wani ɗan koyo, don haka hanci da baki sukan kauce, amma tsarin gashin goshi ba ya sauyawa. A samfurin Prima Porta, sama da idon dama akwai silin gashi biyu da suka lanƙwaso suna fuskantar juna kamar bakin ƙaguwa, kusa da su kuma wasu suka rabu kamar wutsiyar tsattsewa. Masana zama suke yi suna ƙirga waɗannan silin gashin, kuma da su ake raba kan sarki da na wani attajirin lardi da ya yi askin sarki. Ba na mabul, wato dutsen marmara, kaɗai ake yi ba. Fronto, malamin sarki Markus Aureliyus, ya rubuta wa ɗalibinsa cewa duk inda ya bi, a teburin 'yan canji, a rumfuna, a tagogi, sai ya ga hotonsa, yawanci mummunan zane da bai yi kama da shi ba.

Ga abin da nake so ka gani da kyau, domin a nan hujjar take. Sarki Nero ya mutu a shekara ta 68, an tsane shi, majalisa ta ayyana shi maƙiyin ƙasa. Bayan shekara guda ta rikici Vespasiyan ya hau, soja ne ɗan shekara 60, daga gidan da ba na sarauta ba. Nan take tamoji ya dawo. Sanƙo, ƙaramin ido, haɓa mai faɗi, da wani yamutsin fuska da Suwetoniyus ya kwatanta da na mai yunƙuri a bayan gida. Saƙon a fili yake: ni ba ɗan gatan nan mai kiɗa da waƙa ba ne, irin mutanen da ne. Kuma tun da mabul yana da tsada, ba a zubar da kawunan Nero ba, an mayar da da yawa daga cikinsu Vespasiyan. Na taɓa tsayawa kusan rabin sa'a a gaban irin wannan kai, har mai gadin ɗakin ya fara zagaye ni. Daga gaba, tsoho ne sosai. Da na koma gefe sai na ga kunnuwan sun fi ƙarfin fuskar, saboda an fafe kumatu da goshi don a fitar da tamoji, kunne kuwa ba a taɓa shi ba. Da na leƙa ƙeya, inda bango zai ɓoye, ga dogon gashin Nero nan kwance a wuya, masassaƙin bai ɓata lokacinsa a kai ba. Dutse ɗaya, sarki biyu. Haka aka yi wa Kaligula, haka aka yi wa Domitiyan bayan an kashe shi a shekara ta 96, aka mayar da wasu kawunansa na magajinsa Nerva. Marubuci Plini Ƙarami ya ba da labarin yadda mutane suka yi ta sara mutum-mutumin Domitiyan da gatari suna murna, kamar jini zai fito.

Kada ka ɗauka ke nan babu gaskiya ko kaɗan. Dole a gane mutum, in ba haka ba kuɗin ya tafi a banza. Nero ya hau mulki yana ɗan shekara 16, kuma in ka jera kuɗaɗensa shekara bi shekara za ka ga yana ƙiba a gabanka, wuya na cika, haɓa na ninkuwa. Sarki Kalaudiyus ko an ɗora kansa a jikin Jupita, babban abin bautar Rumawa, manyan kunnuwansa suna nan. Hadriyan kuma yana da wata 'yar tsaga a karkace a fatar kunnensa da masassaƙa suka yi ta maimaitawa, abin da babu dalilin ƙirƙirar sa, har wasu likitocin zamaninmu suka yi rubutu suna danganta ta da ciwon zuciya. Ƙashin fuskar na mutumin ne. Shekaru da yanayin fuska da gashi su ne ake juyawa.

Matan kuwa kusan ba a barin su su tsufa, musamman na fada. Liviya ta haura shekara 80, amma a dutse ba ta wuce matashiya ba. Su a gashi ake gasar. Akwai kan wata mata a gidan tarihi na Kapitol, na wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, da aka tara mata nannaɗaɗɗen gashi a goshi ya yi tsiri kamar saƙar zuma, kowane nannaɗi an huda tsakiyarsa da ƙarfen huda. An daɗe ana cewa irin wannan sai dai gashin kanti. Sai wata mai gyaran gashi a Amurka, Janet Stephens, ta gwada da hannunta, ta nuna cewa da allura da zare ake ɗinke kitson ya tsaya, ta kuma wallafa binciken a mujallar masana a 2008. Ina jin da makitsiya aka fara tambaya da ba a yi wannan dogon musu ba. Irin wannan kai yana nuna gidan yana da kuyangin da za su yini suna aikinsa. Mu kuma yana mana amfani wajen sanin zamani, domin matan larduna suna bin yayin matar sarki.

Daga nan zan yi sauri. Hadriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, ya bar gemu, sarakunan bayansa suka bi. Wajen shekara ta 130 aka fara sassaƙa ƙwayar ido a jikin dutsen, maimakon a bar wa mai fenti. Shi kansa rabin mutum-mutumin girma ya yi ta yi: da farko kai da wuya ne kawai, sai kafaɗu, sai ƙirji, har ya kai damatsa. In ka ga mai faɗin ƙirji, da gemu, da hudajjen ido, ka san ba na zamanin Agustus ba ne ko da takardar da ke ƙasansa ta ce haka. Karakalla ya zo da haɗe gira da harara, don sojoji yake yi wa magana. Tsakanin 235 da 284 sarakuna sama da 20 suka hau suka sauka, akasari da takobi, kawunansu ƙwal-kwabo da ɗan tsiron gemu da aka tsattsaga da bakin ƙarfe. Zuwa shekara ta 300 kamar ma an daina neman ta. Sarakuna huɗun nan da suka yi mulki tare, da aka sassaƙa da jan dutsen Masar suna rungume da juna, waɗanda 'yan Venis suka kwaso daga Kustantiniya bayan 1204, ba ka iya bambance su sai da gemu. Abin da ake so a gani shi ne kansu a haɗe yake.

Na san wani zai ce, ashe ba gumaka ba ne? Yawancinsu na girmamawa ne da tunawa da mamaci, ba a yi musu sujada. Amma na sarki yakan tsallaka. Plini Ƙaramin nan, da yake gwamna a Bitiniya, wani lardi a ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 112, ya rubuta wa sarki Trajan cewa yana gwada waɗanda ake zargi da Kiristanci ne ta hanyar sa su ƙona turare su zuba giya a gaban hoton sarki. Wanda ya ƙi ya shiga uku.

Yanzu hanci. Dalili na farko ba shi da wani sirri: mabul yana da gautsi, hanci ne ya fi fitowa, in kai ya faɗo ta fuska shi ke fara cin ƙasa. Shekara dubu biyu na girgizar ƙasa da rushewar gini da garmar manomi sun isa. Amma akwai na gangan. A gidan tarihin Birtaniya akwai kan Jamanikus, wani janar ɗan gidan sarautar Rum, na baƙin dutse mai tauri, an sare hancin an kuma zana gicciye a goshinsa, aikin Kiristocin ƙarshen zamanin Rum. Mai cikakken hanci ma kada ka yarda da shi da sauri. A ƙarni na 17 da na 18 attajiran Turai ba sa sayen kai mai guntun hanci, don haka masu gyara a Rum suka yi ta ƙera sababbi suna liƙawa. In ka matsa kusa za ka ga siririn layi a gindin hancin, launin dutsen ya ɗan bambanta. Wani gidan tarihi a Kopenhagen ya ciccire irin waɗannan hantuna a ƙarni na 20, ya jera su a allo ɗaya, hanci bayan hanci, mutane na zuwa kallo. Waɗanda suka karye ma su ne masu sa'a. Na tagulla narkar da su aka yi, na mabul da yawa aka jefa a matoya aka mayar da su farar ƙasar gini. Markus Aureliyus a kan doki ya tsira ne kawai don an zaci Konstantin ne, sarki Kirista na farko.

Farin ma da kake gani ba haka suke ba. Fenti ake yi musu: fata, leɓe, gashi, ido. Ruwa da ƙasa da masu wankewa ne suka cinye shi. A wani kan Kaligula da ke Kopenhagen har yanzu ana ganin ragowar fenti a ido da gashin ido. In kana son ka ji yadda kallonsu yake a da, nemi hoton kan Agustus na tagulla da aka tono a Sudan. Wajen shekara ta 25 kafin Miladiyya, sojojin Kush, wata daula a ƙasar Sudan ta yau, suka kai hari kudancin Masar, suka ci Aswan, suka tumɓuke mutum-mutumin Agustus suka tafi da su. Strabo, wani marubuci Bagirke da ya rayu a lokacin, ya ce sarauniyarsu mace ce mai zuciyar maza, mai ido ɗaya. Rumawa sun rama, sun nemi a mayar musu da kayansu, amma wannan kan bai koma ba. An kai shi Meroe, babban birnin Kush, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum ta yau, aka binne shi ƙarƙashin matakalar ƙofar wani ɗakin bauta, yadda duk mai shiga zai taka fuskar sarkin Rum. A nan John Garstang ya same shi a 1910. Yashin da aka binne shi don wulaƙanci shi ya adana masa idanunsa, farin na dutse, ƙwayar ta gilashi, alhali kusan duk sauran kawunan tagulla ramuka ne kawai suka rage musu. Yana Landan yanzu, saurayi sumul, bakin ƙaguwar nan na gashi yana nan a goshinsa.